Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ranar Litinin ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, ƙarfe takwas da kwata na safe, mu uku ne a cikin ofishin a Birnin Kudu: ni, da 'yar yayana, da jami'in da ke karɓar takardun masu neman a tabbatar da su 'yan ƙasa ne ko a ba su izinin zama. Tebur biyar na ƙirga a ɗakin. Huɗu babu kowa a kansu sai fayiloli, an ɗaure su da igiya dami-dami.

Na ce, "Yallaɓai, sauran ma'aikatan ba su iso ba ne tukuna?"

Ya ɗago kai, ya gyara tabarau. Dattijo ne siriri, mutumin Unguwar Ya, kamar yadda na ji daga baya.

Ya ce, "Sun iso, Malam. Ga su nan a gabanka. Ni ne magatakarda, ni ne mai yi wa shaidu tambaya, ni ne masinja. In ka zo da sassafe ka ga wani yana shara, ka gaishe shi da kyau, shugaban ofis ne."

Sai ya bi teburan da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Mai wannan ya yi ritaya. Mai wancan ya rasu. An ɗauke na ukun an kai shi bakin iyaka. Na huɗun ya tafi ƙaro karatu, ya sami wani aikin a can. Ba a maye gurbin kowa ba. Litinin da Talata yana nan, Laraba ya kai fayiloli Dutse, Alhamis yana Gwaram da ƙauyukanta a kan babur. Juma'a kuwa, in ji shi, ta rubutu ce da neman gafara.

Abin da ya kawo mu shi ne wannan. Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, ya bar Basirka tun ina goye. Ya nufi gabas da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna yana ɗinki, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya. Sau biyu ya taɓa zuwa gida. A can ya rasu, shekara uku kafin yaƙi ya ɓarke. Da yaƙin ya iso garinsu, 'yar tasa ta fito da kayan jikinta da wayarta, ta biyo ta Chadi har ta iso ƙofar gidanmu. Takardun mahaifinta duk sun ƙone tare da gidan. Abin da ke hannunta wata takarda ce ta baƙunci wadda ake sabuntawa duk bayan wata uku, ba ta kuma ba mai ita damar karɓar aiki.

Ita kuwa ƙwararriyar ungozoma ce, ta yi karatun, ta yi aikin shekara shida. A garin Sara, a yankinmu, akwai wani ƙaramin asibiti da ya daɗe babu ungozoma. Shugabansa ya gwada ta, ya gamsu, ya ce zai riƙe mata gurbi har ƙarshen shekara, lokacin da za a rufe ɗaukar ma'aikata. Abu ɗaya ya ce ba shi da iko a kai: ba za a sa sunanta ba sai da takardar da ta nuna 'yar ƙasa ce.

Jami'in ya saurare mu har muka gama. Ya karɓi rantsuwar da na yi a rubuce, da wasiƙar mai unguwa, da hoton Yaya guda ɗaya da muke da shi.

Ya ce, "Wannan duk ya yi. Amma kai ƙane ne, ba ka ga haihuwarsa ba. Mai unguwa kuma yaro ne a kan wannan magana. Mahaifiyarsa tana da rai?"

"Tana nan, sai dai ba ta iya hawa mota."

"To, shaidarta ce ginshiƙi. Dole jami'i ya je ya ji daga bakinta. Zan sa ku a layin Alhamis."

'Yar yayana ta ce, "Baba, wace Alhamis?"

Ya dubi damin da ke kan tebur na biyu. Ya rubuta lamba a guntuwar takarda ya miƙa mata.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Ni a Kano nake aiki, inda nake karanta labarai a gidan rediyo, saboda haka sai na mai da Litinin ɗin farkon kowane wata ranar zuwa Birnin Kudu. Na san benci biyun da ke ƙofar ofishin kamar kujerar gidana. Na san masu zama a kansu: wata mata 'yar Nijar da ta shekara talatin tana aure a Gwaram, da wani makaniki ɗan Kamaru, da wani tsoho da ba ya magana da kowa. Ba na jin an taɓa yi wa ɗayanmu tsawa. Sai dai kullum in ƙarfe huɗu ta yi, jami'in ya fito ya ba da haƙuri ga waɗanda bai kai kansu ba, su kuma su yi masa addu'a su watse.

A zuwana na uku, bayan an sallami jama'a, na taya shi ɗaure fayiloli a bayan babur. A nan ya tambaye ni.

"Marigayin, ɗa na nawa ne a wajenta?"

"Na fari."

Ya yi 'yar dariya. "Ashe da aiki. Ba za ta faɗi sunan ba."

"Ban taɓa jin ta faɗa ba."

"Ba kuma za ka ji ba. Kada ka damu, na saba da su. In na je, ba na tambayar uwa sunan ɗan fari. Sai mu gaisa, mu yi zancen damina, in sha fura. Sannan in kira wata tsohuwar maƙwabciya ta zauna. Ni zan faɗi sunan da bakina, in ce, Inna, in ba daga ɗakinki ya fito ba, ki yi magana. In ta sunkuyar da kai ta yi shiru, maƙwabciya ta ce haka ne, sai in rubuta a ƙasan fom ɗin yadda aka yi da dalilin da ya sa. Can sama sun san rubutuna. Awa guda yake ci, wani lokaci biyu. Shi ya sa ba na wuce gida uku a yini."

Na koma Kano a ranar hankalina kwance.

A Basirka kuwa kaka da jika sun shaƙu. Inna ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Takan zauna a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Ke Balarabiya, wannan Hausar taki a kasuwa kika saye ta? An cuce ki, ki mayar musu."

Ita kuma ta ce, "Tsohuwa, ai gadonta na yi. In ta lalace, daga gidanki ta fito a haka."

"Ji marar kunya. Shayin nan naki mai kama da maganin basir, kawo in sha."

Ko sau ɗaya ban ji Inna ta ce mata "mahaifinki" ba. In zance ya biyo ta kansa sai ta ce "wancan", ko "mutumin gabas", ko "ɗan Goggo". Goggo yayar mahaifinmu ce. Ita aka ba wa Yaya ranar da aka yaye shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, a ɗakinta ya girma. An ce ko a tsakar gida ya faɗi yana kuka, Inna sai dai ta kau da kai har wani ya zo ya ɗauke shi. An kuma ce ranar da ya tafi, ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce ciwon ciki ne.

Ana cikin yankan gero jami'in ya faɗi a kan hanyar Gwaram. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Na zo Litinin na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na dawo wani watan na tarar da shi dai. Mutanen benci ba su daina zuwa ba. Sukan zauna har azahar su tashi, wai kada a buɗe ba sa nan.

Mako bakwai ofishin yana rufe. Sannan aka aro wani matashin jami'i daga wata jiha, aka ba shi kwana goma ya rage layin shaidu na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram. Ya kira ni a waya ranar Talata, ya ce zai zo Basirka ranar Alhamis da hantsi, mu shirya shaida.

Na iso gida ranar Laraba da la'asar da nufin abu guda: in gaya wa Inna cewa wanda zai zo gobe ba dattijon nan ba ne, baƙo ne, zai tambaye ta suna kai tsaye, kuma dole ta faɗa. Na tsara maganar tun daga Kano har Birnin Kudu, na sake tsara ta a cikin bas ɗin Gwaram. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi yara, ta tambayi aiki, ta ce ta ji ni jiya a rediyo kamar mura tana damuna.

Na ce, "Inna, gobe ma'aikacin gwamnati zai zo kan maganar yarinyar nan."

"Allah ya kawo shi lafiya."

"Zai yi miki tambayoyi."

"To."

"Sai ki amsa masa duk abin da ya tambaya."

"Da zagin sa zan yi?"

A nan na tsaya. Aikina ke nan kullum, in karanta sunayen mutane, na masu rai da na matattu, ba tare da muryata ta girgiza ba. Amma in dubi mahaifiyata in ce mata ta ambaci ɗanta na fari, wannan bakina ya ƙi. Ni kaina Yaya nake ce masa, ban taɓa kiran sunansa a gabanta ba. Na ce a raina zan tari jami'in a zaure in yi masa bayani. Na tashi na tafi masallaci.

Ya iso ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata a bayan ɗan acaɓa, rigarsa jiƙe da gumi, da jaka a ƙirji. Ba zai wuce shekara talatin ba. Hausarsa ta birni ce, mai kyau. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce gida goma sha ɗaya ke gare shi yau, mu ne na huɗu, na ƙarshen kuma yana bayan Sara.

Na ce, "Yallaɓai, akwai wani abu game da shaidar da ya kamata ka sani."

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Doka ta hana in saurari dangin mai nema kafin in ji shaida. In na gama sai mu yi magana."

Ya sa ni da 'yar yayana muka tsaya a bakin zaure. Daga nan muna jin komai. Ya tsuguna a gaban Inna, ya kunna na'urar ɗaukar murya, ya faɗi rana da wuri. Bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Furar da aka dama tana gefe a rufe da faifai.

"Inna, 'ya'ya nawa kika haifa?"

"Na Allah ne, ba a ƙirga su."

"To, faɗa mini sunan babban cikinsu."

Shiru. Ina jin ƙarar ɓawon gyaɗa a hannunta.

"Inna, kin ji ni? Sunan ɗanki na fari."

"Ga ƙanensa can a zaure, ka tambaye shi."

"Ke nake tambaya, Inna." Ya duba agogo. Sai ya karanta sunan Yaya daga fom, cikakke, da na mahaifinmu. "Wannan ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ta ce, "Ɗan Goggo ne."

"Ba ke kika haife shi ba?"

"Na ce maka na Goggo ne. Ni ina ruwana da shi."

'Yar yayana ta kama hannun rigata. Na taka zan shiga, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba. Ya sake tambaya sau ɗaya, ba ta ƙara cewa komai ba. Ya kashe na'urar. Na duba agogona: minti tara.

A zaure na yi masa bayani, a tsaye, ɗan acaɓa yana ta murza mai. Na gaya masa kunyar ɗan fari, na gaya masa wace ce Goggo, na gaya masa yadda dattijon yake yi. Ya saurara, ya dafe goshi.

Ya ce, "Wallahi na san ana yi. Kakata ma haka take. Na ɗauka in ta ga abin hukuma ne za ta faɗa."

"To, mu koma ciki. Ga maƙwabciya nan, sa'arta ce, a gabanta aka yi suna."

"Baba, abin da na ɗauka ya riga ya shiga, ba ni da ikon gogewa. In an sami saɓani, sai wani jami'in daban ya sake jin shaidar, ba ni ba. Zan rubuta abin da ka gaya mini a ƙasa. Ko da ina da iko ma, dubi nan." Ya nuna mini jerin gidaje bakwai da suka rage. "Kowannensu ya fi wata shida yana jira. In na zauna awa biyu a nan, wa zan cire?"

Ya hau babur suka tafi.

Da muka koma ciki Inna ta ce, "Yaron nan ko furar bai sha ba. Wane irin ma'aikaci ne wannan?"

'Yar yayana ce ta durƙusa a gabanta. Ba ta ce mata tsohuwa ba a wannan karon.

Ta ce, "Inna, kin san abin da ya rubuta? Ya rubuta cewa babana ba ɗanki ba ne. In ba ɗanki ba ne, ni ba 'yar nan ba ce. Ba aiki, ba takarda."

"Wane mahaukaci ne zai ce haka? Duk Basirka wa bai sani ba?"

"Shi ba ɗan Basirka ba ne, Inna."

Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Kai ka san haka zai tambaya?"

"Na sani, Inna."

"Jiya ka sani?"

"Na sani."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ture kwaryar gyaɗar gefe, ta daɗe tana shafa tabarma da tafin hannu. Can ta ce wa jikarta, "Wannan wayar taki tana ɗaukar magana irin ta yaron?"

Aka kunna. Inna ta juya ta fuskanci bango, ta ba mu baya. Ta faɗi sunan Yaya. Ta ce ita ta haife shi, ranar wata Asabar, ana kaka, a ɗakin uwarta, ta sha wuya kwana biyu. Ta ce yana da tabo a ƙafar hagu inda lauje ya yanke shi. Ta sake faɗin sunan. Sannan ta ce, "Kashe." Shekarata hamsin da huɗu a lokacin, kuma ranar na fara jin sunan a bakinta. Ba ta fito daga ɗaki ba sai washegari.

Ranar Litinin na kai wayar Birnin Kudu. Matashin ya sa a kunne ya saurara har ƙarshe, ya cire, ya daɗe yana kallon teburan nan huɗu. Ya ce ba a karɓar muryar da ba jami'i ne ya ɗauka ba. Ya rubuta a bangon fayil ɗin da jan biro cewa a gaggauta, shaida tsohuwa ce. Ranar Juma'a kwanakinsa goma suka cika, ya koma inda aka aro shi. Aka mayar da kwaɗo.

Na je Dutse sau biyu. A can ma mutum biyu na tarar a ɗakin da aka shirya wa mutane da yawa. Sun karɓe ni da mutunci, sun nemo fayil ɗin, sun nuna mini jan rubutun, sun ce da zarar an turo jami'i Birnin Kudu mu ne a gaba. Na je Unguwar Ya na duba dattijon. Yana kwance, maganarsa ba ta fita sosai. Da na ba shi labari sai ya rufe ido, ya ɗaga yatsu biyu na hannun da ke motsi. Ban sani ba ko awa biyun yake nufi.

Ƙarshen shekara ya zo, aka rufe ɗaukar ma'aikata. Shugaban asibitin Sara ya kira ni da kansa ya ba ni haƙuri. Bayan mako uku Inna ta kwanta da zazzaɓi, jikarta ce ta yi jinyarta, bayan kwana biyar Inna ta cika.

An turo sabon jami'i, shi ma shi kaɗai, cikin watan da ya biyo baya. Takardar da ke sanar da ranar sake jin shaidar Inna ta iso Basirka kwana goma sha tara bayan sadakar arba'in. 'Yar yayana tana gidana a Kano yanzu, tana sabunta takardar baƙunci duk wata uku. Matan Sara da haihuwa ta zo wa da gardama, Gwaram ake kai su a kan babur.